Karen da muka ɗauko yana yi wa mutum ɗaya a gidanmu faɗa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na masu riƙon karen da aka ceto ne, wato wanda aka ɗauko daga matsugunin karnuka, ko daga kan titi, ko daga hannun wanda ya kasa riƙe shi, ya zo ya zauna lafiya da kowa sai mutum ɗaya. Aikin yana da tsari: a fara raba su, a kai karen wurin likitan dabbobi, daga nan a shiga gyaran hali. In an riga an zubar da jini, karatu kaɗai ba zai wadatar ba, sai ƙwararre ya ga karen ido da ido.

Yau ya yi gurnani har ya kai cafka. Me za mu yi kafin gobe?

Ku raba su yau ɗin nan. Ku ware wa karen ɗaki mai ƙofa da sakata, da shimfiɗarsa da ruwansa a ciki. Ƙaramin shingen da ake tare ƙofa da shi yana da amfani, amma babban kare yana tsallake shi, don haka in akwai yaro a gidan a sa shinge biyu a tsakani, misali ƙofa da keji. Dalilin rabawar shi ne duk ranar da ya yi gurnani mutumin ya ja da baya, ya ƙara gane cewa faɗa yana biya masa buƙata, halin kuma ya ƙara zama.

Lokacin da yake waje da ɗakin, ku bar masa siririyar igiya mai tsawon kamar mita 2 tana jan ƙasa, wadda ba ta da maɗauki a ƙarshenta don kada ta maƙale a ƙafar kujera. Da ita za a janye shi daga nesa. Kada a kama abin wuyansa da hannu, a nan ne hannaye da yawa suke shan cizo. A cire igiyar in ba mai ido a kansa.

Shi kuma wanda karen ya ƙame a gabansa, ya tsaya cik, ya juya gefe, ya kau da idonsa, ya haɗa hannayensa a ƙirji, ya yi shiru. In karen ya ɗan saki jiki sai ya ja da baya a hankali. Ihu da gudu da ɗaga hannu duk suna ƙara rura wutar.

In ya riga ya ciji mutum fa?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tafi asibiti a ranar. Ramin fiƙar kare ƙarami ne a ido amma yana da zurfi, kuma cizon hannu, gaɓa ko fuska yana saurin yin ruwa. Likita zai duba batun allurar tetanus.

Sai batun ciwon haukan kare, wanda ba a wasa da shi. Karen da aka tsinta ba a san tarihin rigakafinsa ba, cutar kuma tana iya ɓoyewa a jikinsa makonni ko watanni. Ku gaya wa likita daga ina karen ya fito da ranar da aka yi masa rigakafi, in an yi. Bisa al'ada ana killace karen a sa masa ido kwana 10, amma likita ne zai yanke ko a fara wa mutumin allura nan take, ba a zauna jiran kwanakin su cika ba. Da zarar alamomin cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Makonni biyu na farko lafiya lau yake. Me ya canza shi?

Galibi ba canzawa ya yi ba, fitowa ya yi. Karen da ya shigo sabon wuri a tsorace yakan yi lamo, ba ya wasa, ba ya musu, ana taɓa shi yana haƙuri, sai mutanen gida su ɗauka sanyin hali ne. In ya fara sanin gidan, ya sami wurin kwanciya da kwano da mutumin da yake ji da shi, sai ya fara nuna abin da ba ya so. Masu aikin matsuguni suna da ƙiyasin da suke faɗa: kwana 3 na ruɗewa, mako 3 na gane tsarin gida, wata 3 na sakin jiki. Ƙiyasi ne kawai, akwai karen da yake ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Akwai kuma taruwar damuwa. Baƙi sun zo da safe, an yi masa wanka da rana, an yi tsawa da yamma, da dare kuma wani ya ranƙwafo kansa. Ranƙwafowar da ya jure jiya, yau ta zo a kan abubuwa uku.

Me ya sa sai wannan mutumin? Ko wani mai kama da shi ne ya taɓa dukansa?

Yana yiwuwa, amma ba lallai ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne rashin sabo tun yana ɗan kwikwiyo. Daga kusan mako 3 zuwa mako 12 ko 14 da haihuwa ne kwikwiyo yake koyon abin da ba abin tsoro ba ne. Wanda bai haɗu da maza masu kaurin murya, ko masu gemu, ko masu dogara sanda, ko yara masu guje-guje a wannan lokacin ba, yana iya girma yana tsoronsu ko da ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu.

Maimakon hasashen abin da ya wuce, ku buɗe littafi. Duk lokacin da abin ya faru ku rubuta lokaci, wuri, tazarar da ke tsakaninsu, abin da mutumin yake yi, abin da ke kusa da karen, da wanda yake wurin. A cikin mako ɗaya ko biyu za ku ga zaren. Sau da yawa sai a tarar ba mutumin ba ne gaba ɗaya, abu ɗaya ne: shigowarsa ta ƙofa, miƙewarsa daga kujera, matsowarsa kusa da wanda karen ya fi shaƙuwa da shi, ko bi ta lungun da karen ba shi da hanyar kaucewa.

Ba ya yin gargaɗi, cizo kawai yake kaiwa. Haka yana yiwuwa?

Da wuya. Likitar dabbobi Kendal Shepherd ta Birtaniya ta jera alamomin kamar matakan tsani. A ƙasa akwai hamma ba don barci ba, ƙifta ido da lasar hanci. Sai kau da kai, juya jiki, tashi ya bar wurin, tafiya a maƙure da kunnuwa a kwance, cusa jela tsakanin ƙafafu, da kwanciya yana ɗaga ƙafa. A sama akwai ƙamewa da kafe mutum da ido, gurnani, cafkar iska, sannan cizo. Kwanciyar nan da buɗe ciki ita ta fi yaudarar mutane: suna ɗauka yana son a shafa masa ciki, alhali roƙo yake a ƙyale shi. In jikin a sandare yake, baki a rufe, jela a maƙale, kada a taɓa.

Karen da ya tsallake matakan ƙasa yawanci an koya masa hakan ne. Ya kau da kai ba a kula ba, ya yi gurnani an doke shi, sai ya daina ɓata lokaci. Ku ɗauki bidiyon zaman yau da kullum daga nesa, ba tare da tsokanarsa don a samu abin ɗauka ba, ku kalla a hankali. Ƙamewar daƙiƙa ɗaya ko biyu tana nan kusan kullum.

Ba sai mun nuna masa wane ne babba a gidan ba?

A'a, kuma wannan shawara ta jawo wa mutane da yawa cizo. Maganar shugaban garke ta samo asali ne daga binciken kyarketai da aka tara a tsare, waɗanda ba dangin juna ba. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya yaɗa ta, shi da kansa ya rubuta a 1999 cewa garken kyarketai a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, ba fagen ƙwatar mulki ba. Balle kare, wanda ya san sarai ku ba karnuka ba ne.

A 2009 Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka sun wallafa abin da masu karnukan da aka kawo asibitin gyaran hali suka faɗa musu. Cikin karnukan da aka daka ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da faɗa. Waɗanda aka kayar aka danne a rigingine, kashi 31. Waɗanda aka kafe da ido don a razana su, kashi 30. Abin wuya mai ba da wutar lantarki da mai ƙayoyi suna cikin wannan sahu: in karen ya ji zafi daidai lokacin da mutumin ya shigo, mutumin zai ɗora wa laifin.

Gurnani kuwa kada a hukunta shi ko kaɗan. Shi ne gargaɗin ƙarshe kafin haƙori. In kuka kashe shi da duka, tsoron yana nan daram, sai dai yanzu ba ku da mai sanar da ku.

Lafiyarsa ƙalau a ido. Me zai kai mu wurin likita?

Kare yana ɓoye ciwo. Daniel Mills na Jami'ar Lincoln a Ingila da wasu likitoci sun wallafa a 2020 cewa a cikin karnukan da ake turo wa ƙwararrun hali, waɗanda ciwo yake da hannu a matsalarsu sun kama daga kashi 28 zuwa 82 cikin 100, gwargwadon asibitin. Ciwon ƙugu, gwiwa da ƙashin baya su ne kan gaba, sai ciwon kunne, haƙori, ƙaiƙayin fata da ciwon ciki. Raunin gani ko ji yana sa kare firgita in an zo masa ba zato. Ku ƙara zargin ciwo in faɗan ya fi yawa da dare ko bayan doguwar tafiya, in yana faruwa yana kwance, in yana jinkirin hawa mota ko matakala, ko in ya fara ne kwatsam a babban kare.

Ku sanar da asibitin tun kafin ku je cewa yana cizo, ku tafi da littafinku da bidiyo. Wani lokaci ba a ganin komai a gwaji, sai likita ya ba da maganin rage zafi na wasu makonni a ga ko halin zai sauya. Kada ku ba shi na mutane da kanku, ibufurofen yana lalata wa kare ciki da ƙoda.

To yaya ake gyaran kansa?

Manufar ita ce a sauya abin da karen yake ji in ya ga mutumin, daga "ga matsala nan" zuwa "ga abin daɗi nan tafe". Aikin na mutum biyu ne: wanda karen ya yarda da shi yana riƙe da igiya da tukuici, wanda ake tsoro kuma aikinsa bayyana da ɓacewa.

Tukuicin ya zama abin da karen ba ya samu a wani lokaci, kamar dafaffen naman kaza ko hanta, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. A rage masa abincin yini daidai gwargwado don kada ya yi ƙiba. Ban da inabi, zabibi, albasa da cakulan, guba ne gare shi.

Da farko a nemo tazarar da karen yake ganin mutumin amma jikinsa a sake: yana karɓar nama da laushin baki, yana iya kau da ido ya dubi mai riƙe da shi. Ko mita 5 ce ko 10, daga nan za a fara. In falo bai kai ba a fita fili. Mutumin ya bayyana, ya tsaya a karkace, ba kallo, ba magana. Karen ya gan shi, sannan nama ya fara zuwa ɗaya bayan ɗaya na daƙiƙa 3 zuwa 5. Mutumin ya ɓace, nama ya tsaya. A huta kamar rabin minti, a sake. Sau 10 zuwa 15 ya isa zama ɗaya, wato kamar minti 5 zuwa 8, sau ɗaya ko biyu a yini.

Alamar da ake jira ita ce ranar da karen zai ga mutumin ya juyo da sauri ya dubi mai naman, jela a sake. In ya yi haka a zama uku a jere, a rage tazarar da rabin mita. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: ko tazara, ko motsi, ko murya. In an zo sabon mataki, misali mutumin zai fara tafiya ko miƙewa daga zaune, a koma nesa a faro daga can.

Wuraren da aikin yake lalacewa sanannu ne. Na farko, juya tsari: in naman ya riga mutumin fitowa, ko karen ya ji ƙarar leda kafin ya ga kowa, sai naman ya zama mai shelar abin tsoro, har wani karen ya fara gudun naman. Na biyu, gaggawa. In ya fara fizgar nama da ƙarfi, ko ya ƙi ci, ko ya rufe baki ya ƙame, an matso da yawa, a ƙara mita 2 a gama zaman da sauƙi. Na uku, sakaci a sauran yini: minti 10 na horo ba za su rinjayi haɗuwar ba-zata uku a lungu ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan aiki wanda ya tsaya mako guda a mita 6 yakan riga mai gaggawa isa.

Shi wanda ake tsoron ya riƙa ba shi nama a hannu mana, ko ba zai fi sauri ba?

Wannan tarko ne. Kwaɗayi zai jawo karen ya wuce iyakar da zai iya jurewa, ya cinye naman, ya ɗaga kai ya ga kansa dab da abin da yake tsoro. Motsi kaɗan sai cizo. Abin da ya fi shi ne mutumin ya jefa naman ya wuce karen, ya faɗi bayansa. Karen ya juya ya ci, ya sami nama ya kuma sami tazara, sai ya dawo da kansa iya inda ya ga dama. Da haka shi yake zaɓen matsowa.

Ko ya matso yana shinshina, ba izinin taɓawa ba ne, bincike yake. In lokacin taɓawa ya yi, a shafa ƙirji ko gefen kafaɗa na daƙiƙa 3, a janye hannu. In ya matso yana neman ƙari a ci gaba, in ya tsaya ko ya kau da kai an gama. Ban da saman kai, ban da runguma, ban da kai fuska kusa da tasa.

A kan abinci, kujera, ko wani mutum yake faɗan. Duk ɗaya ne?

Tushen ɗaya ne, tsoron a raba shi da abin da yake so. Ya ci abincinsa a ɗaki a rufe, a ɗauke kwanon bayan ya fita. Tsoma hannu a kwano ko ɗauke shi yana cikin ci don ya saba yana tabbatar masa da zarginsa ne kawai. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, a watsa nama nesa da shi, ya saki ya tafi, sannan a ɗauka.

Kujera da gado a hana shi hawa gaba ɗaya a wannan lokaci, ta hanyar rufe ƙofa, a ba shi shimfiɗa a kusurwar da ba a bi. In yana barci a kira sunansa daga nesa, kada a tashe shi da hannu.

In mutum yake karewa, misali yana kwance jikin matar gida yana yi wa mijinta gurnani, ita ce za ta yi aikin. Kada ta shafa shi tana lallashi, kada kuma ta tsawata. Tun kafin mijin ya shigo ta tura karen shimfiɗarsa, wadda aka riga aka koya masa zuwa da tukuici. In ya ƙame a jikinta, ta miƙe shiru ta bar wurin.

Takunkumi ba zalunci ba ne?

In an zaɓi mai kyau an kuma koya masa, kariya ce ga kowa har da shi. A nemi mai siffar kwando, irin su Baskerville ko na waya, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki, ya sha ruwa, ya karɓi nama. Na yadi mai ɗaure baki na 'yan mintuna ne a asibiti. Kare da haki yake fitar da zafin jiki, in aka hana shi zafi yana iya kashe shi.

Koyarwar takan ɗauki mako 1 zuwa 3. A sa nama a cikin kwandon ya cusa hancinsa da kansa, kada a tura masa. In ya saba, a riƙa miƙa naman ta tsakanin ramukan yana ciki daƙiƙa 2, 5, 10. Sai a taɓa maɗaurin a bayan kunne ba tare da ɗaurewa ba, daga baya a ɗaure a kwance nan take, a riƙa ƙara lokaci. A riƙa sa masa lokacin yawo ma, don kada ya haɗa shi da mutumin kaɗai. Takunkumi ba ya cire tsoro, saboda haka ba lasisin matso da su kusa ba ne, kuma ba a barin kare da shi ba kowa.

Akwai magani? Fiɗiya za ta taimaka?

Akwai magungunan rage fargaba da likitan dabbobi yake rubutawa, kamar fulokzetin, wanda ake yi wa karnuka da sunan Reconcile, da kulomifiramin mai sunan Clomicalm. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 8 kafin a ga aikinsu, ba a kuma yanke su rana ɗaya. Suna sassauta tsoron ne yadda horo zai shiga, ba sa maye gurbinsa. Wasu magungunan kwantar da hankali suna cire wa kare jin nauyin kai cizo, shi ya sa ba a gwada na wani.

Fiɗiya ta fi tasiri a kan yawon bin mace da fitsarin alama. Faɗan da tsoro ya haifar ba a dogara da ita a kansa.

In yaro ne yake yi wa?

Lissafin ya sauya. Fuskar yaro tana daidai bakin kare, shi ya sa cizon yara ya fi yawa a fuska, kai da wuya. Yaro ƙarami ba zai iya kiyaye doka kullum ba, kuma kasancewar babba a ɗakin bai isa ba, cizo ya fi hannu sauri. Shinge biyu dare da rana, kada a yi horon da yaro sai ƙwararre yana tsaye, kuma tun yanzu a fara tunanin ko gidan nan ne ya dace da wannan kare.

Yaushe za mu san abin ya fi ƙarfinmu?

Ma'aunin munin cizo na likitan dabbobi Ian Dunbar yana taimakawa. Mataki na 1, cafka ba tare da taɓa fata ba. Na 2, haƙori ya taɓa amma bai huda ba. Na 3, huda ɗaya zuwa huɗu daga cizo ɗaya, zurfinsu bai kai rabin tsawon fiƙa ba. Na 4, aƙalla huda ɗaya ta wuce rabin fiƙa, sau da yawa ya riƙe ko ya girgiza. Na 5, munanan cizo da yawa a hari ɗaya. Na 6, kisa. Na 1 da na 2 su ne mafi yawa, kuma suna gyaruwa sosai. Na 3 yana buƙatar ƙwararre. Daga na 4 haɗarin babba ne, domin kare yakan sake cizo da irin ƙarfin da ya yi a baya ko fiye.

Ku haɗa da girman karen, ko ana iya hasashen abin da ke tayar masa, ko akwai yaro, tsoho ko marar lafiya, da kuma ko kowa a gidan zai iya rufe ƙofa kullum ba mantuwa. Ku saurari wanda ake yi wa faɗan, shi yake zaune cikin fargaba a gidansa, kuma yana da haƙƙin cewa ya gaji. In an yi wata 2 zuwa 3 ana aiki yadda ya kamata tazarar ba ta ragu ba, ko cizon yana ƙara muni, a sake zama da likita. Wajen zaɓen mai horo, ku tambaye shi me zai yi in karen ya yi gurnani. In ya ambaci fizgar igiya, dannewa ko wutar lantarki, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwanaki, ku nemi wani.

Yawancin matsugunai suna karɓar karensu in zama bai yiwu ba, ku duba takardar da kuka sa wa hannu. Duk wanda zai karɓe shi a gaya masa tarihin cizon dalla-dalla a rubuce, da mataki da yanayin da ya faru. Karen da ya kai mataki na 4 ko na 5, wanda ba a iya hasashen harinsa, ba a miƙa shi ga wani gida. A irin wannan hali likita zai iya kawo maganar allurar da ke kawo ƙarshen rayuwarsa ba tare da azaba ba, kuma shawara ce da ake yankewa tare da shi bayan an tabbatar ba ciwon da za a iya magancewa ne yake jawo faɗan ba.